Magani ya saɓule wa ƙanwata fata, akwai diyya?

Maman Biyu, Anguwan Rogo: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku taimaka min da shawara. Ƙanwata ce, a hannuna ta tashi tun rasuwar Innarmu, an sa bikinta bayan Babbar Sallah, har lefe an kawo. Tari ya matsa mata, na karɓo mata Septrin a kemis ɗin layinmu. Cikin mako na biyu zazzaɓi ya rufe ta, idanu suka yi jajir, leɓe ya farfashe, ko ruwa ba ya wucewa. Sai fatar bayanta ta fara saɓulewa tana mannewa a zanen gado. Likita ya ce ciwon da ake kira Stevens-Johnson ne, kuma maganin ne sila. Keken ɗinkina ya tafi a kuɗin asibiti, dangin ango sun fara ƙananan maganganu. Mai kemis ɗin zai biya diyya?

Ɗan Bukuru: Hajiya, ki maka shi kotu kawai! Ki kuma kai ƙararsa PCN, hukumar kula da harkar sayar da magani, su ke ba masu kemis lasisi, ba kowane magani aka yarda su sayar ba.

Gwaggo: Haba 'yata, ƙaddara ce. Maƙwabcinki ne fa, ki bar wa Allah.

Baban Yara: Lauya? Ni rikicin filina a Rikkos har yau ɗage zama ake yi, kuɗi na ta zurarewa.

Anti Nas: Allah ya ba ta lafiya. Me ya hana ku zuwa asibiti tun farko? Ta taɓa yin ƙuraje bayan shan Fansidar? Shi da Septrin dangin magani ɗaya ne, wato salfa. In ta taɓa, kin gaya wa mai kemis ɗin? Kotu sakaci take nema, don ciwon nan yakan zo ko da likita ne ya rubuta maganin. Ki adana kwalin da takardun asibiti, a sanar da NAFDAC. Kuma lallai likitan ido ya duba ta, ciwon na iya taɓa gani.

Ɗan Bukuru: Anti, NAFDAC ba ta biyan ko sisi. Kotu dai! In ba kuɗin lauya, akwai Legal Aid, masu taimaka wa marasa ƙarfi da lauya.

Maman Biyu: Anti, wa zai bi layin asibiti saboda tari? Kowa a layinmu wurin mai kemis ɗin yake saye. Kuma ni ba na son zancen kotu ya kai kunnen dangin ango.

Ɗan Bukuru: To me kike so mu ce miki, Hajiya?