Kyandir ɗina ya ƙi ƙamshi

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu yin kyandir mai ƙamshi na cikin kwalba ku taimaka min don Allah. Na zuba guda shida jiya, a hanci ƙamshi kamar me, da na kunna kuwa shiru kake ji. Kakin ne ko turaren?

Anti Bilki: Wa alaikumus salam. Jiya kika zuba, yau kika kunna? Kin yi garaje. In kakin waken suya ne, rufe shi ki manta da shi sati ɗaya zuwa biyu kafin turaren ya kama jikinsa.

Maman Ilham: Sati biyu Anti? Ni da zan raba ranar Asabar a sunan jaririyar ƙanwata!

Ummu Sadiq: Tukuna ma, wane turare kika sa?

Maman Ilham: Humrata na ɗan tsiyaya a ciki.

Ummu Sadiq: Innalillahi. Maman Ilham kada ki kunna sauran, kuma kada ki ba kowa. Ni aka yi wa, bari ki ji. Bara na karɓi aikin kayan rabon biki guda 50, na ce bari in burge, na juye turaren fesawa da humra a narkakken kaki. Ashe duk turaren da ke da sifirit ko ruwa ba ya haɗuwa da kaki, sai ya taru a ƙasan kofi ko ya tsattsafo a sama kamar gumi. Na kunna ɗaya a falo don gwaji na shiga kicin, na dawo na tarar wuta ta bar lagwani ta kama saman kofin gaba ɗaya. Kofin kuma irin siririn gilashin shan lemon nan ne, ya ce ƙas, kaki ya malale a ledar ɗaki. Saura kaɗan in watsa ruwa, Allah Ya sa Abban Sadiq na gida, ya kifa murfin tukunya a kai. Shi ya ce min wutar kaki kamar ta man gyaɗa ce, ruwa ƙara mata fishi yake. Na mayar wa matar kuɗinta, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Tun daga nan sai man ƙamshin da aka yi don kyandir, kuma gwangwani mai murfi ko kwalba mai kauri nake saye.

Hajiyar Zariya: Subhanallah. Allah Ya ƙara tsarewa.

Anti Bilki: Har wasu turarukan mai na kasuwa, an sirka su da wani sinadarin tsinka turare da ake kira DPG, shi ma ba ya shiri da kaki. Ki tambaya kafin ki biya. Kuma ki daina awo da ido ko murfin kwalba, nemi ƙaramin sikeli: giram 6 zuwa 10 na turare a kowane giram 100 na kaki. Ki narka a gwangwani cikin tukunyar ruwan zafi, ba kan wuta kai tsaye ba. In ya kai wajen digiri 85 a ma'aunin Celsius ki sauke, ki zuba turaren, ki juya minti biyu, ya ɗan huce sannan ki ɗura.

Ya Falmata: Duk wannan wahala don ɗaki ya yi ƙamshi? Garwashi biyu da turaren wutar Maiduguri, har makwabta sai sun yi sallama 😂

Maman Ilham: Ya Falmata kin fara ko.

Hajiyar Zariya: Gaskiya ta faɗa. Mu da muka taso, kyandir na ranar da NEPA ta ɗauke wuta ne.

Amarya: Mama ai mai asma a gida ba ya jure hayaƙin kasko, shi ya sa na koma kyandir. Ni matsalata rami yake yi a tsakiya, gefe ya tsaya cak.

Anti Bilki: Lagwaninki ya yi wa bakin kwalbar ƙanƙanta, ƙara mai kauri. Kunnawar farko kuma ki bari saman ya narke har gefe, amma kada ya wuce awa huɗu. Ki riƙa datse lagwanin ya rage kamar milimita 6.

Ummu Sadiq: Kuma banda kalar kirayon na yara, toshe lagwani yake. Busassun furannin da ake yaryaɗawa a sama don hoto su ma wuta suke kamawa.

Amarya: Kakin zuma fa? An kawo min daga ƙauye.

Anti Bilki: Ya fi jure zafinmu, sai ya haura digiri 60 yake narkewa. Na waken suya kuwa a bar shi a mota a watan Afrilu a Kano, sai dai ki kwashe da cokali. Amma na zuma bai cika fitar da turare ba, nasa ƙamshin yake yi.

Ya Falmata: Turaren wuta dai ba ya narkewa a mota.

Maman Ilham: To ni yanzu Asabar ɗin fa? Me zan raba?

Ya Falmata: Biyo ni ta bayan fage, akwai kwalabe 30 a ƙasa 😌

Hajiyar Zariya: Af, ashe talla ce tun ɗazu. Masu adashi ku tuna gobe ne zubi.