Riƙon dutse a zoben baiko: mu nema masa Hausa

Jama'a, salamu alaikum. Duk mai odar zoben baiko ta waya daga Dubai ko Legas ya san wannan: a turo maka hoto, a rubuta prong ko bezel ko pavé a ƙasa, kai kuma ka ce "mai ƙyalli dai nake so". Waɗannan ba sunayen duwatsu ba ne, ba kuma na zinari ba. Suna faɗin yadda aka kama dutsen a jikin zobe ne, abin da Bature ke kira setting.

Uwar kalmar tukuna. Wasu sun ce dashe, wasu mazauni. Dashe na shuka ne da na ƙoda a asibiti. Mazauni kuwa wuri ne, alhali aikin muke son ambata. Ni riƙo na zaɓa. Ka tsaya gaban maƙerin zinari a kasuwar Sabon Gari ka ce "Malam, wane irin riƙo aka yi wa dutsen nan?" Ba zai ce ka maimaita ba.

Prong su ne 'yan ƙarafan nan huɗu ko shida da ke tasowa daga zoben su lanƙwasa a kan dutse. Kamfanin Tiffany na Amurka ya yi suna da mai shida tun 1886: an ɗaga daimon sama, haske na shigarsa ta ko'ina, shi ya sa yake walƙiya haka. Na ce a kira shi riƙon farce. Wani ɗan'uwa ya kawo riƙon shaho, kuma wallahi ya fi daɗi a baki. Amma farce ya fi gaya wa amarya gaskiya, don abin yana karta. Yana kama mayafi, yana zare leshi, kuma yau da gobe faratan na buɗewa har dutse ya fara girgiɗi. Mai huɗu ya fi fito da dutse fili. Mai shida ya fi aminci, in ɗaya ya karye sauran na nan riƙe.

Bezel shi ne a zagaye dutsen da siririn ƙarfe, a danne bakin ƙarfen a kansa. Tsohon riƙo ne ƙwarai, kuma mun san shi: zoben azurfa mai jan dutse da alhazai ke kawo tsaraba daga Makka yawanci haka aka yi shi. Wata baiwar Allah ta ce "riƙon kewaye". Hajiya, a yi haƙuri, a gidajenmu kewaye wani wuri ne daban, ba a kai zoben amarya can. Riƙon ganuwa nake ganin ya zauna, kuma Bazazzagin da ke wucewa ta Ƙofar Doka ba ya neman bayani.

Wannan nake ba mace mai aiki da hannu shawara a kai, mai girki da wanki ko ma'aikaciyar jinya da ke sa safar hannu. Ba ya kama komai. Yana kuma kare gefen dutse. A ma'aunin tauri na Mohs daimon na da 10, yaƙutu 9, zumurrudu 7.5 zuwa 8, ga shi da tsagu a cikinsa, sai da kariya. Ko daimon ɗin ma, duk taurinsa, in ya bugu a gefe yana iya ɓantarewa. Abin da za a rasa shi ne wani kaso na walƙiya, tunda haske ba ya shiga ta gefe.

Pavé kalmar Faransa ce, tana nufin hanyar da aka shimfiɗe da duwatsu. A zobe, ƙananan duwatsu ne birjik, kowanne 'yan ƙwayoyin ƙarfe na riƙe da shi, har ba ka ganin zinarin sosai. Nan babu gardama: daɓe. Riƙon daɓe na da kyau a ido, amma 'ya'yan na zubewa ɗaya-ɗaya, sabulu da man shafawa na maƙalewa a tsakaninsu, kuma in daɓen ya zagaye zoben duka, ƙara masa faɗi ko rage shi aiki ne ja.

Halo da solitaire ba riƙo ba ne ma, tsari ne. Solitaire dutse ɗaya ne tak, mu ce tilo. Halo kuwa, babba a tsakiya ƙanana sun yi masa zobe, na ce sarki da dogarai. Dabarar ita ce dutsen tsakiya ya yi kamar ya fi girmansa, angon da aljihunsa bai cika ba ya lura. Tension kuwa, inda bakin zoben biyu ke matse dutse yana kamar a rataye, riƙon awartaki ne, kalmar maƙera ce tun asali.

Saura channel, wanda ake jera duwatsu tsakanin bango biyu na ƙarfe ba farce ko ɗaya, sumul a hannu. An ce lungu, an ce kwata. Kwata dai ban yarda ba. Ina karkata ga riƙon kwari, irin kwarin da ke tsakanin kunya biyu a gona, sai dai a rubuce wani zai karanta shi kwarin kibiya. Malaman Hausa na Samaru da maƙeran cikin birni, wanne kuka gani?