Muhawara: Berthold Leibinger ya yi daidai da ya damƙa wa 'yarsa kamfanin Trumpf?

Mai gabatarwa: Jama'a, ga batunmu na yau. Berthold Leibinger, wanda aka haifa a Stuttgart ta ƙasar Jamus a 1930, ya shiga kamfanin Trumpf yana ɗan koyo a 1950, ya kuma mayar da shi ɗaya daga cikin manyan masu ƙera injinan yanka da huda ƙarfe a duniya. Da ya sauka a 2005, bai ba ɗansa Peter kujerar ba duk da cewa injiniya ne, sai ya ba 'yarsa Nicola, wadda ta yi digirin digirgir a fannin adabi. Wasu na ganin kuskure ne.

Injiniya: Malam, ina cikin masu ganin haka, domin duk abin da ya ɗaukaka Trumpf daga hannun injiniya ya fito. Leibinger ya yi aiki da wani kamfanin injina na Cincinnati a Amurka daga 1958, ya dawo a 1961 ya shugabanci sashen zane. A zamaninsa aka haɗa injin huda ƙarfe da hasken lesa a 1979, sannan a 1985 kamfanin ya fito da lesa ƙirar kansa. Hatta hannun jarinsa ta hanyar haƙƙin ƙirƙire-ƙirƙirensa ya same shi. Wanda bai san ƙarfe ba, ta yaya zai tantance injin da ya cancanci a zuba masa kuɗi?

Malama: Injiniya, ka yi haƙuri, amma ka manta cewa ba a kori Peter ba, shi ya ci gaba da riƙe ɓangaren lesa shekara da shekaru. Kuma a ƙarƙashin Nicola ne Trumpf ya zama mai samar wa ASML na ƙasar Holan lesar da injinanta ke amfani da ita wajen buga ƙananan kwakwalwan kwamfuta mafi inganci. A rikicin tattalin arziki na 2009, da ciniki ya faɗi warwas, an rage sa'o'in aiki maimakon sallamar ma'aikatan dindindin, kuma wannan shawara ce ta mai sanin mutane.

Alhaji: Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, shi kansa Leibinger ba ɗan gidan ba ne. Christian Trumpf, mai kamfanin a wancan lokaci, bai haihu ba, shi ya sa ƙofa ta buɗe wa bare mai hazaƙa. Me ya hana shi ma ya duba wajen gida?

Injiniya: Alhaji, wannan tambaya ta fi tawa nauyi. Malama, na karɓi hujjar 2009, amma aikin ASML har yanzu na injiniyoyi ne, ba zan janye a kansa ba.

Malama: Babu wanda ya ce ba nasu ba ne. Sai dai an yi shekaru ana kashe kuɗi a kansa kafin ya kawo riba, kuma mai sa hannu a kan kuɗin ita ce.