Musayar Waƙa: Fim ɗin Bright, Ɗan Sanda da Dodo a Mota Ɗaya

Sarkin Alƙalami:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Yau Bright na ɗauko mana, fim ɗin da Netflix ta saki ranar 22 ga Disamba 2017, Dabid Eya ya ba da umarni. Wil Simit ne ya fito a matsayin ɗan sanda Wod, Jowel Ejaton kuma Jakobi, dodon ƙabilar Ork na farko da ya sa kakin 'yan sandan Los Anjalas. Babban amsa-amonmu "ya".

Na yaba Jakobi, Ork mai haƙuri,
Shi da Wod mota guda suke sintiri,
Ofis na ƙin sa, ana masa sharri,
Nasa na cewa ya sayar da zuriya.

Ya goge haurensa, ya ɗauki kaki,
Danginsa Ork suka bi shi da tsaki,
Abokan aiki ba mai masa kirki,
Shi ko ya jure, ya riƙe hanya.

Gimbiyar Baituka:
Yayana Sarki, yabonka ya yi yawa,
Labarin dare guda, gudu da tserewa,
Kowa sandar tsafi yake son ɗaukewa,
Daga harbi sai harbi har wayewar safiya.

Dala miliyan 90 suka zuba a kansa,
Dodon sama can nesa muka ga giftawarsa,
Rabin mutum rabin doki, wa ya ji muryarsa?
Sun gina birni sun bar shi a baya.

Ɗan Autan Mawaƙa:
Allah ya ja zamanin Gimbiya! Yau an gama da Sarki, sai ya sauke rawani.

Malamin Aruli:
Auta, dakata da guɗa. Gimbiya, ɗangonki na farko gaɓa 12 ne, na huɗu ya kai 14. Baitin yana ɗingishi, ki sake zama a kansa.

Gimbiyar Baituka:
Malam, ƙirga gaɓa ita ce sana'arka,
Mun daɗe muna jiran ganin baitinka,
Kawo shi mu auna shi da ma'auninka,
In babu, Malam, ka matsa ka ba mu hanya.

Malamin Aruli:
Ga nawa, 'yata. Kuma ki sani aibin fim ɗin ya wuce gudun da kika gani, daga tushe yake.

Shekara 2000 da suka wuce, an ce,
Ork sun bi Sarkin Duhu sun kauce,
Sai wariya ta sami dalili a rubuce,
Alhali ta gaske tushenta ƙarya.

Fim ɗin yana so ya yi magana kan wariyar launin fata a Amurka, sai ya ba masu wariyar hujjar tarihi a hannu. Wannan ya fi komai damuna.

Uwar Ɗakin Waƙa:
Malam ya yi baiti yau, barka! Amma ni ina bayan Sarki. Kamfanin Nielsen mai ƙididdigar masu kallo ya ce mutum miliyan 11 suka kalle shi a Amurka cikin kwana 3 na farko. Duk waɗannan ba su da ido ne?

Sarkin Alƙalami:
Afuwan, sai yanzu na samu dawowa. Auta, rawanina yana nan daram. Malam da Gimbiya, ku duba wannan wuri:

Ya kama yaron Ork bisa kuskure,
Ya san in taro ya zo ba batun a ɗaure,
Harbi ne, sai ya taimake shi ya tsere,
Ya ɗauki zargin duka a wuya.

Ranar da uban daba ya ce a kashe shi,
Ɗansa ya miƙa wa bindiga ya harbe shi,
Yaron nan ne, ya gane shi, ya ƙi taɓa shi,
Wannan rubutu ya shiga zuciya.

Eya shi ya rubuta fim ɗin 'yan sanda Training Day, ya kuma ba da umarnin irinsa, End of Watch. Ya san hirar cikin motar sintiri, ya san yadda kwaɗayi ke juya ɗan sanda. Ku tuna 'yan sanda huɗun nan da suka ga sandar, nan take suka yanke a kashe Jakobi.

Ɗan Autan Mawaƙa:
Ni dai tun farko Wod ya ɓata min rai,
Ƙaramar aljana mai fikafikai tana shawagi a ƙofar gidansa,
Bai ji tausayinta ba sam,
Ya fito ya kashe ta da tsintsiya.

Malamin Aruli:
Auta, wannan zance ne ka yayyanka gida huɗu. Ba kari, ba ƙaramin amsa-amo.

Ɗan Autan Mawaƙa:
Malam, kunne ke auna waƙa. Na rera shi ya zauna.

Malamin Aruli:
Kunnen wa? Rera ɗango na biyu da numfashi ɗaya mu ji.

Uwar Ɗakin Waƙa:
Don Allah ku bari, kun cika mana fili da gardamar kari.

Gimbiyar Baituka:
Uwar Ɗaki, yawan masu kallo bai wanke shi ba. A Janairun 2018 Netflix ta sanar da kashi na biyu, ba a yi shi ba, sai zane mai motsi da ya fito a 2021. Yaya Sarki, ka tuna Tika, budurwar ƙabilar Elf da su Wod ke karewa, kuma zaɓaɓɓe kaɗai ke iya riƙe sandar tsafin da hannu bai mutu ba. Ga amsarka:

Jakobi ya sha harsashi, ya faɗa rami,
Tika ta tashe shi da sandar tsafi mai ƙarfi,
Da aka zo rabon girma sai aka yi sauyi,
Wod ne zaɓaɓɓe, shi ya ɗau sandar ya tsaya.

Wanda ya sha wuya aka mayar mataimaki,
Tauraron fim aka ɗora a kan doki,
Kai da ka yabe shi tun daga kan kaki,
Me ya hana ka yi masa kukan wannan tsiya?

Sarkin Alƙalami:
Ƙanwata, sanda ta Wod ce, na ji ki,
Wa ya koma cikin wuta ba tsoro a jiki?
Jakobi ya ciro Wod daga hayaƙi,
Danginsa suka karɓe shi gaban duniya.

Malamin Aruli:
Gimbiya, rami da ƙarfi da sauyi wasali kawai suka haɗa, harafin amsa-amo bai zo ɗaya ba. Auta, kai ma har yanzu ina jiran gyaranka.