An ce za a soke izinin rumfata, wa ya taɓa shiga irin wannan?

Mai Albasa:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Jiya wani ma'aikacin ƙaramar hukumarmu ya bar min takarda a rumfa, wai za a soke izinina saboda na ba da rumfar haya ba da sanin hukuma ba. An ba ni mako biyu in yi bayani. Wallahi ban ba kowa haya ba, ƙanena ne ke zama idan na tafi Aliero saro albasa. Rumfar nan tun mahaifinmu na raye muke cikinta. Wanda ya taɓa gani ya taimaka da shawara.

Baban Hauwa, mahauci:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka tsaya ba da haƙuri da baki, rubuta musu amsa. Ni duba-gari ne ya kai rahoto wai teburina ba tsafta, alhali magudanar da ke wari ta bayan mayanka ce, kuma gyaranta aikinsu ne. Sarkin Fawa ya sa aka rubuta min amsa, kwafi biyu, muka haɗa da hoton magudanar da rasit ɗin haraji. Da na kai sakatariya magatakarda ya karɓi ɗaya ya jefa cikin tire, ya ce in tafi. Na ce a buga min hatimi a kan tawa tukuna. Ya ce hatimin na cikin durowar oga, oga kuma ya fita. Na shimfiɗa buhuna a kan benci na zauna har aka yi azahar. Da ya ga ba ni da niyyar tashi sai ga hatimi ya fito daga aljihun rigarsa. Wannan kwafin mai hatimi da kwanan wata shi ya cece ni, don ranar zaman kwamiti cewa aka yi ban ba da amsa ba.

Hajiya Mai Tuwo:
Gaskiyar Baban Hauwa. Mu biyu aka ba takarda a bakin tasha, ni da maƙwabciyata mai waina. Ni ɗana ya rubuta min amsa. Ita kuwa kansila ya ce mata, “Hajiya, kwantar da hankalinki, na gama magana da ciyaman.” Ranar da aka zo da motar rusau wayarsa a kashe take. Ni ma fa ba a bar ni a wurin ba, an dai ba ni wani gefe kusa da masu faci, kuma ciniki bai koma yadda yake ba. Amma ita ko kwanon rufinta ba ta tsira da shi ba.

Ɗan Gusau:
Ku dai bambance abubuwa. Lokacin da gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako a 2021 saboda tsaro, har aka yanke layukan waya, babu rasit ɗin da ya yi wa kowa amfani, don umarni ne ya hau kan kowa. Naka daban ne, kai kaɗai aka zarga da laifi, kuma laifi ana kare kai daga gare shi. Sai dai ka bincika a ɓoye wa ke son wurin. A kasuwarmu duk rumfar da aka ce an soke, kafin wata ya zagayo za ka ga ɗan wani a ciki.

Lauyan Unguwa:
Bari in ɗan sa baki, aikina ne. Tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi kula da kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, shaguna da gidajen abinci, har da lasisin amalanke da kwale-kwale. Saboda haka suna da hurumi, kada ka je kana cewa ba su isa ba. Amma sashe na 36 na wannan tsarin mulkin ya ba kowa haƙƙin a saurare shi, kuma takardar da suka ba ka ita ce ƙofar. A amsarka ka nemi su faɗa maka a rubuce wace doka ko wane sharaɗi na takardar rumfa ka karya, kuma wa ya shaida ka karɓi kuɗin haya. Kada ka miƙa musu asalin takardunka, hoto kawai. Na taɓa riƙe shari'ar wani mai shago da ya ba da asalin tasa “a duba”, fayil ɗin bai sake fitowa ba.

Idan abin ya kai ga kotu, a yi hanzari. Akwai dokar da ke kare jami'an gwamnati wadda ta sa wa'adin wata 3 a shigar da ƙara, kuma galibi sai an fara ba ƙaramar hukuma sanarwa a rubuce kafin a kai ta. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa, suna ta zirga-zirgar roƙo har lokaci ya wuce.

Alhaji Na Bakin Gulbi:
Lauya, da girmanka, amma talaka da kotu sai a hankali. Kuɗin lauya kaɗai ya fi kuɗin rumfar. Mu da aka so karɓe mana wurin shanyar kifi, shugaban ƙungiyarmu da Sarkin Kasuwa muka ɗauka muka je gun Hakimi, shi ya kira su aka zauna. Wagga magana a zaure ta mutu.

Lauyan Unguwa:
Ban ƙi ba Alhaji, Allah ya ƙara girma. A je gun Hakimi, amma a je da kwafi mai hatimi a aljihu, ɗaya ba ya hana ɗaya. Wanda ba shi da kuɗin lauya kuma akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, tana da ofis a Birnin Kebbi da Gusau, kuma ba a biyan ko sisi. Na ga lokacin da wasiƙarta guda ta sa aka ciro fayil daga ƙarƙashin tebur.

Malam Manomi:
Nawa fili ne ba rumfa ba. An ce za a yi hanya ta gonata. A nan dokar amfani da ƙasa ta 1978 ce ke aiki, kuma diyyar da aka ba ni ta mangwaro da rijiya ce, ba ta ƙasar ba. Wanda aka zo wa da irin wannan ya ƙirga itatuwansa ya ɗauki hoto kafin masu awo su iso.

Mai Albasa:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na zazzage akwatin Baba na samu takardar rumfar da rasit masu yawa, sai dai duk da sunansa suke, ba nawa ba. Wannan zai zama matsala?

Lauyan Unguwa:
Zai iya zama, don da shi za su ce kai ma baƙo ne a rumfar. Ka samo takardar rabon gado daga kotun da ta raba, in ba a je kotu ba sauran magada su sa hannu a gaban mai unguwa cewa kai aka bar wa. Ka haɗa da amsarka, a ciki ka nemi a mayar da sunan zuwa naka, ka kuma ambaci ƙanenka da sunansa a matsayin mai tsare maka rumfa. Ka kai kafin Juma'a, kada ka jira ranar ƙarshe.