Ɗan ƙanwata yana kwance a asibiti, a ba mu shawara

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan uwa. Ɗan ƙanwata mai shekara 4, mai sikila, yana kwance a asibitin Murtala na Kano tun ranar Lahadi. Da ciwon ƙafa ya fara, sai zazzaɓi, yau kuma likita ya ce jininsa ya sauka sosai, sai an yi ƙari. Uban yana Fatakwal wajen nema. Kakarsa ta wajen uba ta kafe sai an karɓo sallama an kai shi ƙauye, wai sammu ne. Uwar ga goyo, ko barci ba ta samu. Ya za mu yi da tsohuwar nan, kuma ina za mu samu jini?

Ummu Hanan: Subhanallahi. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne.

Maman Biyu: Amin. Wane rukunin jini ne?

Maman Ilham: O ne, mai alamar tarawa.

Hajiya Yaya: Maman Ilham, ki tsaya da ƙafarki, ko kusa kada yaron nan ya bar gadon asibiti. Ni aka yi wa haka da 'yata Siyama. Surukata ta zo dubiya ta ga ana ƙarin ruwa, ta ce ruwan Bature ba ya korar abin da aka aiko. Mai gidan ya bi bayan mahaifiyarsa, ya sa hannu a takarda, aka ɗauke ta ina kuka. A can wanzami ya yi mata tsaga a gefen hagu na ciki wai zai rage saifa, aka shafa wani baƙin gari a kan yankan. Wani mai kemis kuma ya haɗo mana kwalaben maganin ƙarin jini da allurai. Ranar da na buɗe tafin hannunta na gan shi fari fat, idon ya yi rawaya, tana numfashi sama-sama, ban nemi izinin kowa ba, na goya ta na tari mota. Likitan da ya karɓe mu ya ce saifar ce ta tara jinin, da mun ƙara kwana da sai dai wani labarin. Tsagar ma ta yi ruwa, sai da aka yi ta wanki. Yanzu tana aji uku, amma tabon yana nan. Tofi da addu'a babu wanda ya hana ku, a yi su a bakin gadon.

Maman Biyu: Innalillahi. Hajiya ashe kin ga rayuwa.

Anti Nas: Hajiya ta gama magana. Maganin ƙarin jini na kemis kada a ba mai sikila sai likita ya rubuta. Jininsu fashewa yake yi da wuri, ba ƙarancin sinadarin ƙarfe ba ne, kuma wanda ake yawan yi wa ƙarin jini ƙarfen taruwa yake a jikinsa ya taɓa hanta da zuciya. Batun jini kuma, ku tara maza masu lafiya, daga shekara 18, nauyi ya kai kilo 50, su ci abinci su je ɗakin jini. Ko rukuninsu bai zo ɗaya da nasa ba su je, ana yin musanya. Kada ku kula masu zagayawa a bakin asibitoci suna cewa za su sayar muku.

Amarya: Samarin majalisar ƙofar gidanmu sun fi goma, kullum gardamar ƙwallo. Amma su ga allura yanzu za ku ga gudu.

Maman Biyu: Ai nawa mai gidan suma ya yi ranar da aka ɗebi nasa, sai da aka nemo masa madara da lemo.

Ummu Hanan: Ni dai abin da nake faɗa kullum, a riƙa gwajin jini kafin aure. Da an yi da duk ba a zo nan ba.

Hajiya Yaya: Haba Ummu Hanan. Yaro na kwance ki kawo wannan? A raba auren ne yanzu?

Ummu Hanan: Allah ya ba ki haƙuri Hajiya, don 'yan baya na faɗa. Ai tun 2024 Gwamna Abba na Kano ya sa hannu a dokar gwajin, amma har yau wasu ɓoye sakamako suke.

Amarya: To ai an ce ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ne ke zuwa da sikila, tunda an samu ɗaya sauran ukun sun tsira ke nan.

Anti Nas: A'a Amarya. Idan uwa da uba duk AS ne, wato suna ɗauke da ƙwayar sikila amma ba su da ciwon, kowane ciki da nasa lissafin, ɗaya cikin huɗu. Ana iya jera uku SS, wato masu sikila. Ita ma 'yar goyon a gwada ta. Maman Ilham, in an sallame ku ku riƙe ranar ganin likitan sikila. Folik asid kullum, maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, gidan sauro, ruwa ya sha da yawa, a rufe shi da kyau lokacin hunturu. Ku tambayi likita batun maganin sikila na hydroxyurea, da hoton jijiyoyin kai da ake yi wa masu shekara 2 zuwa 16 don gudun shanyewar ɓarin jiki, ana yi a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Jiki ya yi zafi kuwa, asibiti kai tsaye.

Maman Sadik: Ku raba kwanan jinyar, ke dare ɗaya ita dare ɗaya, ko nonon 'yar ya samu. Kuma a rage 'yan dubiya. Mu lokacin namu su suka cinye farfesun mai jinya suka bar mana kular da wanki.

Amarya: Maman Sadik kular nan tawa ce fa, har yau ba ta dawo ba.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. Ƙanina da abokinsa sun tafi ɗakin jini yanzu. Tsohuwar tana zaune a baranda da jakarta, ta ce sai ta yi waya da ɗanta bayan Magariba.

Hajiya Yaya: To ki riga ta kiransa. Ki haɗa shi da likitan ya ji da kunnensa.