Neman kalma: "delete account" da "deactivate", kafin Juma'a

Mai Shirin Fasaha: Salamu alaikum malamai. Ranar Juma'a da safe zan naɗi shiri kan yadda mutum zai bar Facebook ko WhatsApp idan ya gaji. Turanci ya raba abu biyu: "deactivate", inda za ka ɓuya ka dawo ranar da ka ga dama, da "delete account", inda ake kawar da komai. Yara na cewa "na yi dilit", edita kuwa ya ce ba a tasharsa ba. Me zan ce?

Hajiyar Labarai: Goge asusu, dakatar da asusu. Ka wuce wurin.

Ɗan Kurmi: Share fa? Share asusu.

Hajiyar Labarai: Rubuta shi ka duba da kyau, ƙanena. Duk ɗan boko da ya ga "share" a waya zai ɗauka cewa aka yi ya tura wa jama'a. Mutum yana neman ɓuya, ka sa shi talla.

Tafinta: Goge ta zauna. Dakatarwa ce ban yarda da ita ba. "An dakatar da asusunsa" hukunci ne, kamfani ne ya kama shi da laifi. Nan kuwa mai abu ne ya ajiye kayansa da kansa. Jingine nake gani, yadda ƙungiya ke jingine yajin aiki: bai mutu ba, ana iya ɗauko shi gobe.

Baba Tsohon Malami: Duk kun bar Hausa a gida kun tafi yawo. Kun ce asusu ko? To me ake yi wa asusu idan an gama da shi? Fasa shi ake yi. Tun muna yara, na kasko, a tara kwabo da sisi har jajibirin Salla, a rotsa. Wanda ya fashe ba ya komawa. FASA ASUSU. Shekara da shekaru ina faɗa, ba a ji.

Ɗan Kurmi: Kai, Baba, wannan ta yi daɗi!

Tafinta: Ta yi daɗi a kunne, Baba, amma a rubuce akwai rikici. Boko ba ya nuna tsawon wasali. Fasa ta fasa tulu da fasa ta fasa tafiya duk harafi huɗu ne. Ka ɗora "Fasa" a kan maɓalli, mutum ya danna yana nufin ya janye, hotunansa na shekara goma su tafi.

Baba Tsohon Malami: Rediyo ya ce, ba allo ba. Kunnen Bahaushe ya san bambanci. Mu da muka tashi da ƙamusun Hausa na Bargery na 1934 ba mu taɓa ruɗewa ba. Ku ne ’yan zamani, idan kalma ba ta bi sawun Turanci ba sai ku ce ba ta waye ba.

Hajiyar Labarai: Allah ya ja kwana, Baba, Bargery ɗin ma ai Bature ne.

Baba Tsohon Malami: Bature ne da ya zauna ya saurari tsofaffi. Ku wa kuke saurara?

Badamagare: Kafin ku gama faɗan, ku tuna ana jin ku a ƙetaren iyaka. Idan Baba ya sha kaye aka koma "akawun", mu nan Damagaram kun bar mu a baya, don da Faransanci ake kiran abin a titi. Asusu kowa ya sani. Kullum Kano ke yanke magana, mu mu ji a rediyo.

Ɗan Kurmi: To ai Kano ce cibiyar Hausa.

Badamagare: Je ka faɗi haka a Daura.

Mai Shirin Fasaha: Don Allah malamai, Juma'a.

Injiniya: Ni ba masanin harshe ba ne, amma a duba yadda abin ke aiki kafin a raɗa masa suna. A Facebook, idan ka nemi a goge, kana da kwana 30 ka shiga ka janye; kwashe bayanan gaba ɗaya na iya kai kwana 90. Saƙonnin da ka tura wa mutane kuma suna nan a wurinsu. Ga shi mai fasa asusu da kuɗinsa yake tashi, nan kuwa idan ba ka sauke hotunanka tukuna ba, hannu rabbana za ka fita. WhatsApp ba shi da jinginewa sam. Abin da ya fi cin mutanenmu shi ne su cire manhajar daga waya su ɗauka sun fita, alhali lambarsu na nan cikin kowane zauren hira na WhatsApp, sai an yi wajen kwana 120 ba motsi kamfanin ya goge. Ka ƙara da cewa dokar kare bayanai ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta ba mutum haƙƙin neman a goge bayanansa.

Tafinta: Ke nan abu uku ne: cire manhaja, jingine asusu, goge asusu.

Hajiyar Labarai: Na sakar muku jingine. Amma asusun nan har yanzu yana min ƙamshin banki. Mai sauraro a ƙauye zai ɗauka kuɗinsa za a goge. Mu "shafi" muke cewa a labarai.

Tafinta: Shafi kuma wani abu ne daban a Facebook, Hajiya, na ’yan kasuwa da ’yan siyasa. Za ka iya goge shafi asusunka na nan.

Mai Shirin Fasaha: Na gode. Zan ce "goge asusunka na Facebook gaba ɗaya", kullum da sunan dandalin a gefe saboda maganar Hajiya, sai "jingine asusu". Baba, zan kawo taka a matsayin misali a farkon shiri.

Baba Tsohon Malami: Misali! To. Ka dai ja wasalin daidai, kada ka ce musu su fasa.

Hajiyar Labarai: Ni dai a labaran yamma shafi zan ce.